Garantin Damina Uku

Jiya ina kwance ƙarƙashin wata mota ina kankarar ƙarfe, na ji ɗayanku, ku masu shan shayi a inuwar dogon-yaron nan na ƙofar garejina, yana cewa wai gyaran jikin mota ba aiki ba ne. Wai bugu ne da shafe: ka daki ƙarfe, ka shafa mastik, ka fesa fenti, ka miƙa hannu. Na ji ka sarai, ɗan samari. Shekara talatin da ɗoriya ina cikin ƙarar guduma, amma kunnen bai mutu ba tukuna. To ku gyara zama. Duk Matameye Lawali Toliye ake ce min, wato mai gyaran jikin mota, sai dai akwai shekarar da aka canza min suna, kuma ita zan ba ku labari.

Aikin farko da aka bar min ni kaɗai, a Damagaram ne, wurin maigidana Malam Bukar. Ƙofar wata tsohuwar tasi ce, gindinta duk tsatsa ta cinye. Na kwaɓa mastik, abin cike lotsawa, na lafta, na goge, na shafa, har tana sheƙi. Na tsaya ina jiran yabo. Malam Bukar ya zo, ya ciro makulli daga aljihu ya soka a wurin. Makullin ya shige har wuya. Ya dube ni ya ce, “Sannu da ƙoƙari. Ka yi wa gawa kwalliya.”

Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da mu almajiran aikinsa muke ɓuya muna yi wa dariya. In aka kawo mota mai tsatsa, sai ya kankaro kaɗan da farce ya ɗora a harshe. Wallahi ba ƙari na yi ba. Ya tofar, sannan ya ce, “Wannan ruwa ne kawai,” ko “Wannan ruwan batir ne,” ko “Wannan gishiri ne, daga bakin teku ta fito.” Kullum maganarsa guda: “Kafin ka toshe rami, ka san wanda ya haƙa shi.” Ranar da ya sallame ni, bayan shekara bakwai, ya ba ni ƙaramar gudumarsa, mai kai ɗaya a zagaye ɗaya a baje, ƙotarta ta yi baƙi ƙirin da gumin hannunsa. Da ita ake fitar da lotsawa ba tare da an ji wa ƙarfe ciwo ba. Duk direban da ke yankin nan ya san gudumar, kuma rabin masu kawo min aiki saboda ita suke zuwa.

Mutanenmu suna da wata magana da ke ba ni haushi. Wai mu nan ba teku, ba raɓa, ina tsatsa za ta fito? Yo ai motocin da ake kawowa ta Kwatano da yawansu da ciwonsu suke isowa, don a ƙasashen sanyi gishiri ake watsa wa hanya. Bar wannan ma. Mutum zai loda takin zamani a bayan mota, buhu ya yage, bai share ba. Wani ya ɗauko awaki daga Dungu su yi ta fitsari har kasuwa. Wani butar alwalarsa na yoyo ƙarƙashin kujera shekara guda bai sani ba. Damina ta zo, laka ta maƙale a ƙasan mota, a wanke sama a bar ƙasa, tunda ƙasa ba mai gani. Ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa, waɗanda aka yi don ruwa ya fita, ƙasa ta toshe su, ba mai sa tsinke ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ma tsatsa ɗan ƙwarzanen fenti take jira. Wanda duk ya wanke ƙasan motarsa bayan laka, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ta sha iska, ya shafa baƙin mai kafin ruwan farko, ya rage min ciniki, kuma na yafe masa.

To, motar da ta ja min abin da ta ja min, ta Alhaji Mutari ce. Alhaji Mutari taubashina ne, ɗan Goggo Hassu, yayar mahaifina. Tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce ɗan mace bai isa ba. Fataucin rake da albasa yake yi, Allah ya buɗa masa, ya tafi Yamai ya sayo motar ɗaukar kaya, irin wadda muke kira bashe, sabuwa dal daga kamfani, ba wadda wani ya ci ya rage ba. Ranar da ta shigo gari har masu sayar da goro sai da suka bar farantansu. Ya tsaya ƙofar garejina yana danna oda, ya zaro wata takarda yana kaɗa min a hanci.

“Bawana, ka san mene ne wannan? Garanti! Har da na tsatsa a ciki. Ni da kai sai dai gaisuwar Salla.”

Takardar kuwa ya kai an manne ta da leda gaba da baya, yadda muke yi wa takardar haihuwa da ta fili, don kada ta lalace. Na ce masa Allah ya sa alheri.

Shekara uku bayan nan, ƙasan motar, daidai inda direba ke aje ƙafa, ya ɓule. Alhaji ya ɗauki takardarsa mai leda ya kama hanyar Yamai da ƙwarin gwiwa. Kwana biyar ya dawo fuska ba annuri. Da ƙyar na tatso labarin. Ashe garantin yana da sharaɗi: kowace shekara a kai motar kamfani su duba, su buga hatimi a wasu gidaje da aka bari a jikin takardar. Shi kuwa tun ranar farko ya rufe gidajen da leda, bai ma san na mene ne ba. Kuma suka ce ko da hatimin ya cika, abin da suka ɗauka shi ne tsatsar da ta taso daga aibin ƙarfensu, ban da wadda kaya ko ruwa ko sakaci suka jawo. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Na ce, “Alhaji, ai garantin ya yi aiki. Dubi takardar, ko ɗigon tsatsa babu.”

Ya ce, “Ci gaba. Gyara za ka yi ko surutu?”

Na cire kujera, na ɗaga shimfiɗar roba. Wurin ya yi ɓawo ɓawo, ga wani ruɓaɓɓen tsumma manne a kusurwa. Na sa ƙafa na shure shi waje. Abin da ya kamata in yi a lokacin, in kankaro in ɗanɗana. Amma direbobi sun kewaye ni suna kallo, ni kuma na zama babban toliye, wa zai gan ni ina lasar mota? Na yanke ruɓaɓɓen, na auna sabon ƙarfe, na yi walda mai kyau, na goge har ya yi fari, na shafa jan fentin hana tsatsa hawa biyu. Aikin kam ba wanda zai kushe shi. Wanda ya haƙa ramin ne kawai ban tambaya ba.

Ranar kasuwa na kai masa motar tasha, jama'a cike. Alhaji ya ɗaga murya don kowa ya ji.

“Masu farar riga na kamfanin Yamai sun ba ni takarda ta tashi a tutar babu. Kai bawana, me za ka ba ni?”

Da na yi dariya na wuce, da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Na zaro gudumar Malam Bukar daga ƙugu na ɗaga sama.

“Ni ba ni da takarda, ba ni da hatimi. Damina uku na ba ka. In tsatsa ta leƙo wurin nan kafin damina uku, wannan gudumar taka ce, a nan tashar zan miƙa maka. Sarkin tasha, ka shaida.”

Sarkin tasha ya ce ya shaida, aka yi ta shewa. Na koma gareji ina jin kaina a sama.

Damina ɗaya tal aka yi. Da kaka, ana tsakar cirar gyaɗa, sai ga Alhaji ya shigo garejin nan da oda tun daga bakin hanya. Ya buɗe ƙofa ya ce in leƙa. Ya ɗage shimfiɗar, ya soka karan rake a wani sabon rami gefen waldata, ga shi nan tsaye.

“Na shuka rake a gonarka, bawana. Ka ga har ya kama.”

Shi dariya yake, ni kuwa hankalina ya tashi. Ku ba za ku gane ba. A gari irin namu toliye ba shi da allon talla sai bakin direbobi. In aka ce aikin Lawali bai kai shekara ba, gobe kowa Damagaram zai nufa ko ya tsallaka iyaka. Saura kwana biyar kasuwa ta ci. Na ce ya bar min motar.

Da ya tafi na durƙusa. Fentin ya kumbura, ga wani farin abu ya bi gefen ramin, ga kuma wani tsumma irin na bara. A ranar na aje girman kai. Na kankaro da farce na ɗora a harshe. Gishiri! Ba kaɗan ba, har sai da na yamutsa fuska. Na buga wa Alhaji waya na ce ashe gishiri yake ɗauka a gaban mota. Ya rantse da abin da zai kashe shi, ban da rake da albasa bai taɓa loda komai ba, su ma a baya. Na san Mutari, yana da tsokana amma ba ya rantsuwar ƙarya. Kwana biyu ina zagaya motar nan, na duba batir, na duba buta, na duba rufi, ban ga ta inda gishiri zai shigo ba.

Rana ta uku da hantsi, sai ga Goggo Hassu tana dogara sanda. Tsohuwa ce a lokacin, ta haura saba'in, ita da ta yi rayuwarta tana sayar da gishirin manda da kanwa a kasuwa. Ban taɓa ganinta a gareji ba. Na durƙusa na gaishe ta.

“Goggo, lafiya? Ai da kin aiko na zo.”

“Lafiya lau. An ce motar yaron nan tana wurinka.” Ba ta faɗin sunan Alhaji, ɗan fari ne. “Je ka samo min ruwa in sha, rana ta dake ni.”

Na nufi randa. Ina ɗibar ruwa na waiga, sai na ga tsohuwa ta buɗe ƙofar direba, ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani ƙulli kamar ƙwan kaza, tana cusa shi ƙarƙashin shimfiɗa. Na aje moɗar na dawo da sauri.

“Goggo, mene ne wannan?”

Ta ɗago a fusace. “Rufe min baki! Ina ruwanka?”

Na lallaɓa ta, na zaunar da ita kan benci. Da ƙyar ta buɗe baki. Ta ce tun ranar da motar ta shigo gari take jin mutane suna “kai, kai, kai,” ba mai cewa tubarkalla. Bakin mutane kuwa ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ta ƙulla manda ta sa daidai inda ƙafarsa take, yadda kakarta ta koya mata. In ta duba ta ga ya narke, ta san ya tare wani abu, sai ta sabunta. Da motar ta ɓule kuwa, ta ce to ga shaida, bakin ya yi yawa, sai ta ninka ƙullin.

Ta ce, “Mota ta ci min miji a hanyar Tsauni, kana da wayo lokacin. Ba zan zauna ina kallo ta ci min ɗa ba.”

Malamai sun ce irin wannan camfi ne, ni kuma ba malami ba ne, toliye ne. Na ɗebo ɗan gishirin, na jiƙa, na nuna mata wani guntun ƙarfe da ya ruɓe, na yi mata bayani a hankali: takalmi ya shigo da ruwan damina, gishiri ya narke, roba ta rufe, wurin ba ya bushewa. Ta daɗe tana kallon ramin.

“Lawali, kana nufin ni na cinye motar yaron nan?”

“Gishirin ne, Goggo.”

“Wa ya sa gishirin? Ubanka?” Ta yunƙura za ta tashi. “An ce min ka sa gudumar maigidanka a caca. Ranar kasuwa zan je tashar da ƙafata in faɗa musu.”

A nan ne hankalina ya tashi fiye da na farko. Kun san garinmu. A ce tsohuwa tana cusa ƙulle-ƙulle a motar ɗanta a ɓoye, har motar ta ruɓe sau biyu? Kafin la'asar labarin ya zama asiri, kafin sati a fara janye jikoki daga ɗakinta. Na ga an yi wa wata haka a unguwarmu, har ta mutu ba mai karɓar abinci daga hannunta. Goggo kuwa ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ke jinya. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji kunyar kaina, don da na ɗanɗana tun bara, da tuni mun kashe maganar tsakaninmu.

Na ce, “Goggo, don girman Allah kada ki je. In kin je, ni da ke mun ɓata har abada.”

“To gudumar fa?”

“Ƙarfe ce. Kuma laifina na ciki.”

“To yaron nan fa? In bar shi haka tsirara?”

Na shiga ciki na samo wata kwalbar magani mai murfin murɗawa, na wanke, na shanya, na juye gishirin ciki, na ɗaure bakin tam. Na tura ta can ƙuryar akwatin gaban mota, bayan takardu. Goggo ta bi ni da kallon rashin yarda.

“Daga cikin kwalba zai yi aiki?”

Na ce, “Haba Goggo, shi bakin ba daga nesa yake aiki ba?”

Ta ce, “Ja'iri. Da gaskiyarka.”

Na sake aikin daga farko. Wannan karon sai da na wanke wurin da ruwa mai yawa har harshena ya daina jin gishiri, na bar shi ya bushe ƙarau, sannan na yanka na yi walda. Ranar kasuwa na kai motar tasha. Alhaji ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

“Kai, wasa fa nake. Me zan yi da guduma, rake zan fasa?”

Na ce magana zarar bunu ce, kuma gaban jama'a na yi ta. Na kira sarkin tasha, na ce tsatsa ta dawo, ban binciki aikina yadda aka koya min ba, ga guduma. Sai wani direban Ɗan Barto ya ce, “Lawali Damina Ɗaya!” Shi ke nan, suna ya kama.

Shekarar nan na ga abin da ake kira rashin ciniki. Motocin da nake gyarawa tun suna sabbi suka riƙa wucewa ta ƙofar nan ba ko oda. Na koma liƙin amalanke, da ƙofar shago, da baro, har tukunyar masu tuyar ƙosai na yi wa faci. In na shiga kasuwa sai in ji ana tambayar juna, “Bana damina nawa za a yi?” Alhaji ya rataye gudumar a shagonsa, amma ban taɓa jin ya yi min ba'a da ita ba, shi da ba ya barin ko tuntuɓe na yi bai tsokane ni ba. Goggo kuwa duk Juma'a sai ta aiko min da fura, ba saƙo ba komai.

Damina ta wuce, ta biyu ta wuce. Direbobi suna ɗaga shimfiɗar motar Alhaji a tasha suna ƙwanƙwasawa, ƙarfe na amsawa garau. A hankali aka fara dawowa, ɗaya ɗaya, kowa na yi kamar bai taɓa tafiya ba. Ana cikin damina ta uku Goggo ta kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an yi arba'in, ina zaune nan inda kuke, sai ga Alhaji ya shigo. Ranar bai danna oda ba. Ya fito riƙe da gudumar, ya aje min a cinya.

Ya ce, “Tsohuwa ta ce in mayar maka. Ta faɗa min komai kwana biyu kafin ta cika. Ta ce shekara uku kana ɗauke da kayanta, ka sauke haka nan.”

Na ɗauka. Ina jujjuya gudumar, hawaye na zuba kan ƙotar, ban ɓoye ba. Shi ma ya juya baya yana gyara hula da ba ta karkace ba. Can ya ce zai je tasha ya wanke ni. Na ce in ya kuskura sai na fasa masa gilashi da gudumar nan, a bar Goggo ta kwanta lafiya. Yanzu ma da nake faɗa muku, shi ya ce in faɗa, tunda waɗanda za su yi mata mummunar fassara yawancinsu sun bi ta.

Har zai shiga mota sai ya tsaya. “Af, bawana. Kwalbar nan fa tana nan.”

“In cire maka?”

“Wa ya aike ka? Duba min murfin dai, ko ya saki.”

Motar tana nan, kuna ganinta ranar kasuwa da lodin rake, fentin ya koɗe amma ƙasanta lafiya lau. Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Alhaji yakan kawo ta. In wanke ƙasa, in buɗe ramukan ƙofa, in shafa baƙin mai, in ɗaga shimfiɗa in kankara in ɗanɗana, ko wa ke kallo. Daga nan sai in buɗe akwatin gaba, in ture takardar garantin nan mai leda, in ciro kwalbar Goggo in ƙara murɗa murfin, in mayar inda take.